Jiharmu Ko Ta Dogo

Maman 'yan biyu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna?

Har yanzu ba a kira mu ba. Kullum ina barandar ma'aikatar kuɗi ta tarayya, rungume da taswirar hanyarmu. In zauna, in tashi, in leƙa taga, har masinja ya ce zan cinye musu daɓe. An ce jiha ɗaya kawai za a ƙara bana cikin masu samun tallafi na musamman, mu kuwa jihohi biyu ne muke nema. In ba mu shiga ba, babu gada, damina za ta sake raba ku da asibiti.

Ɗaki ɗaya muke a masauki da wakilin ɗaya jihar, wani injiniya irina da ake kira Dogo. Mu duwatsu sun tare mu, su ruwa ya kewaye su. Mutumin kirki ne, abin da ya fi damuna ke nan.

Mijinki,
Baban 'yan biyu

Maman 'yan biyu,

Ina gaishe ki da kyau. Tarin Auta ya yi sauƙi?

Mun gana da kwamiti. Na ba su labarin ranar da muka ɗora Inna a kan ƙyaure muka tsallaka rafi da ita. Kunya ta rufe ni, kamar ina tallar talaucinmu. Dogo ya nuna hoton yara suna tafiya makaranta a kwalekwale. Sai da muka koma masauki ya gaya mini bara wani kwalekwalen ya kife da 'yar yayarsa, ta rasu. Bai faɗa musu ba, wai ba zai iya ba. Tun daga nan na kasa cin abinci.

Mijinki

Maman 'yan biyu,

Gaisuwa da fatan alheri. Mu aka ba. Ki gaya wa Inna za a yi gada.

Dogo ne ya fara miƙo mini hannu, na kasa kallon idonsa. Na je tasha, har na shiga mota na sake fitowa. Masinja ya ce jihar da ba ta samu ba tana da damar ɗaukaka ƙara, Dogo kuwa ba zai taɓa rubuta maganar yarinyar da hannunsa ba. Ya yarda ni in rubuta.

Ki yi haƙuri, kada ki sa rai da ni wannan makon.

Naki har kullum,
Baban 'yan biyu