Sunan da Ba Ka Rubuta Ba

Malam,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa daga unguwarmu ta Briqueterie. Na san ba za ka karanta wannan ba, wata bakwai ke nan da aka kai ka makwanci. Amma maganar ta tsaya mini a wuya, kuma da kai ne nake da ita.

Gida lafiya. Sani ya shiga izu na biyu, Binta ta fara tafiya. 'Yarka ta fari ce kunnenta ke mutuwa. Tun zazzaɓin da ta yi kafin rasuwarka yake zubar da ruwa, yanzu sai ta kalli bakina take gane abin da na ce.

Na ɗauki takardar maganin da gwamnati ta ba ka ta iyalin ma'aikata, wadda kake ɓoyewa a ƙasan akwati kamar zinariya. A babban asibiti suka ce likitan kunnensu ya tafi hutu Faransa. Wani likita a unguwar Elig-Edzoa ya ga takardar ya tura mini ita da bakin alƙalami, wai shi ba ya aiki da gwamnati. Sati biyar ina gantali da goyo a baya, ni da ko kasuwar Mokolo ba ka bari na je ba. A ƙarshe na samu wani likita a unguwar Messa mai karɓar takardar, har da na'urar auna ji. Ya leƙa kunnen, ya ce na hagu ya tafi, na dama za a iya ceto shi in an yi sauri.

Sai akawunsa ya buɗe takardar. Ga Sani, ga Binta, ga ni. Babu ita.

Malam, me ka yi? Na tambayi abokin aikinka Garba masinja, ya ce ranar da aka rubuta iyali kana tsaye cikin mutane, ka ji nauyin ambaton 'yar fari, ka fara daga Sani. Har dariya ya yi, wai kai mutum ne mai alkunya. Wa ka ji wa kunya? Akawun gwamnatin da ko Hausa ba ya ji? Yanzu sun ce sai na je kotu da shaidu a tabbatar 'yarka ce, abin da zai ci watanni. Kunnen zai jira kotu ne?

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Na ga ruwan kunnen nan kana da rai, na yi shiru don kada a ce na damu da 'yar fari. Ko a gaban akawun likitan, da ya tambayi sunanta, sai na kalli maƙwabciyata Hajja da ta raka ni, ita ta faɗa. Ni da kai muka haɗu muka cuce ta, kuma unguwa tana yabon tarbiyyarmu.

Jiya tana wanke-wanke a bakin famfo, na tsaya a bayanta na kira sunanta. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa ba. Sau uku na kira, na ukun da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo. Ba ta juyo ba.

Gobe zan tafi kotu. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka. Ina yi maka addu'a kullum, amma wannan ban yafe ba tukuna.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Uwar Hadiza