Tirelata Ba Gida Mai Ɗaki Uku Ba Ce

Orval Tidmore,
Hanyar Tsohon Injin Katako,
Sandy Fork, Alabama.
18 ga Yuli, 2011.

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Rajistar Motoci da Gidaje,
Gundumar Merritt.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ROƘON A DAKATAR DA GWANJON TIRELATA TA ƊAUKAR MOTOCI, WADDA OFISHINKA YA RUBUTA A MATSAYIN GIDA

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kana lafiya, ni ne mai suna a sama, shekarata sittin da takwas, arba'in da ɗaya daga ciki na yi su ne ina ɗaukar matattun motoci a wannan gunduma. A aji shida na bar makaranta. Matata Nadine ce ta buga wannan takarda, amma maganar tawa ce, ban da kalmomi huɗu da ta ce ba za ta buga ba. Ga ƙorafina bi da bi.

1. Ranar Asabar, 5 ga Maris, ni da maƙwabcina Delmus Hatcher muka ƙulla yarjejeniya ta saman shinge. Gidansa irin na yawancinmu ne, wanda ake jawowa daga masana'anta a kan taya a ɗora a kan bulo. Shekara goma sha tara ke nan aksul biyu, wato sandunan ƙarfen da ake ɗaura wa tayoyi, da aka jawo shi a kansu suna kwance a ƙarƙashi, ba sa yi wa kowa aiki. Ya ce mini, "Orval, in wannan tumbin naka zai shiga ƙarƙashin can, kwashe su, na bar maka." Ni kuma zan raba shi da matacciyar motar surukarsa, wadda kaji suka mayar wurin yin ƙwai. Na ce ya haɗa mini da dogon ƙarfen gaba, wanda ake maƙala wa motar ja. Ya ce in ɗauka, ya gaji da tuntuɓe da shi. Muka tafa. Ba takarda, ba shaida sai karensa.

2. Na san abin da ake faɗa a kan aksul ɗin gida, kada a ɗauka ban sani ba. An ce don tafiya ɗaya aka ƙera shi. An ce birkinsa a like yake da walda, in ya cinye sai dai ka yi addu'a. An ce girman tayarsa ba ya shiga na kowace mota. Duk na ji, wani ma gaskiya ne. Shi ya sa na yanke su na rage faɗi, na yi waldar da hannuna, na zubar da tsofaffin tayoyin da aka rubuta wa "na gida kawai", na sa sababbi na kan hanya. Ba zan kama suna ba, amma rabin tirelolin gundumar nan a kan irin wannan aksul suke tafiya. Da ka leƙa ƙarƙashin wadda ka hau kana ɗaga wa jama'a hannu ranar faretin bara, da ka ga abin da nake nufi. Ni na yi waldarta.

3. Ranar Litinin, 11 ga Afrilu, na je ofishinka yin rajista. Ma'aikaciyar da ke kan tebur, Uwargida Verlene Cagle, ta nemi lambar jikin tirela. Na ce abin da mutum ya ƙera a bayan gidansa ba shi da lamba. Ta ce kwamfuta ba ta matsawa gaba in an bar gurbi fanko. "Je ka duba da kyau, Mista Tidmore, ba ƙarfen da ba shi da lamba." Na fita na kwanta a kan kwalta a gaban ofishinka, na lalubo wata lamba da aka buga a ƙarfen gaban nan na Delmus, na rubuta a tafin hannu na kawo mata. Tana bugawa kwamfuta ta karɓa ba gardama. Har ta ce, "Ka gani? Ta ma san ka." Ta ba ni takardu na jefa a aljihun mota. Na amsa laifina a nan: ban karanta ba, tabarauna yana gida.

4. Ranar Alhamis, 16 ga Yuni, ina ɗauke da motar Uwargida Eula Crowe, mai kaɗa mana molon coci, zan kai ta wurin makaniki, sai ɗan sanda Boyd Latham ya tsayar da ni saboda fitilar baya ɗaya ta mutu. Boyd tun yana rarrafe na san shi. Ya karɓi takardu ya koma motarsa, ya daɗe. Da ya dawo sai ya cire hula, ya ce, "Kawu Orval, ina sauran gidan?" Na ce wane gida. Ya nuna mini. Ashe lambar da na kwafa lambar gidan Delmus ce, kuma a rajistar ofishinka abin da nake ja gida ne mai tsawon ƙafa saba'in, faɗi goma sha huɗu, ɗaki uku, banɗaki biyu. Boyd ya ɗauko tef ya auna, ya samu ƙafa goma sha takwas. Ya rubuta cewa ƙafa hamsin da biyu na gida sun ɓata a hanya. Aka tura motoci biyu suka bi titi har mahaɗar Sandy Fork suna duba kwalbati. Na ce masa, Boyd, kai da idonka kana ganin tirela ce. Ya ce shi ma ya gani, amma a fom ɗin babu gurbin abin da ya gani. Ya rubuta mini laifi uku: jan gida ba izini, jan gida ba motar rakiya mai fitila, da ajiye mota a cikin falo. Aka wuce da tirelar filin ajiya na gunduma, da motar Uwargida Eula a kanta.

5. Washegari na koma ofishinka. Teburin motoci suka ce wannan maganar gida ce, in tsallaka zuwa teburin gidaje. Tsakanin teburan biyu taku huɗu ne, na ƙirga. Teburin gidaje suka ce sai sufeto ya duba. Sufeto ya je ranar 23 ga Yuni, ya zagaya tirelar sau biyu, ya rubuta cewa gidan ba shi da rufi, ba bango, ba masai, ba ƙararrawar hayaƙi. Ya manna jar takarda a madogarar taya cewa bai dace ɗan Adam ya zauna a ciki ba. Na gode masa, na ce abin da nake ta faɗa ke nan. Ya ce a'a, shi bai ce ba gida ba ne, cewa ya yi mugun gida ne.

6. Uwargida Cagle, wadda ba na zargi da mugunta, ta ce gyaran mai sauƙi ne: asalin mai gidan ya sa hannu cewa gidansa yana nan inda yake. Na je wurin Delmus. Na same shi a baranda, ƙafa ɗaya kan ɗaya, da kofin shayi mai ƙanƙara. Ashe tun watan Afrilu gidansa ya fita daga rajista, takardar haraji ma ba ta zo masa ba. Na miƙa masa biro. Ya ce, "Wane gida kuma, maƙwabci? Hukuma ta ce gidana yana wurinka. Ni wa ne da zan ƙaryata hukuma?" Na ce to a ina kake zaune yanzu. Ya ce a fili, yana shan iska. Bayansa ana jin talabijin da kukan fanka. Shekara talatin muna maƙwabtaka, ni na ɗauki gawar mahaifinsa a kafaɗa. Kalmomi huɗun da Nadine ta cire a nan suke.

7. Ranar 6 ga Yuli na sami sanarwa cewa za a yi gwanjon tirelata ranar Juma'a, 29 ga wata, a matsayin gidan da aka yi watsi da shi. An buga a jarida, ɗaki uku, banɗaki biyu. Na ga wani magidanci da matarsa da 'ya'ya huɗu sun zo filin daga wata gunduma don su duba. Matar ta tambayi maigadi ta ina kicin yake. Ban yi dariya ba, ranka ya daɗe, don na ga yadda mijin ya tsaya yana kallon ƙasa.

8. Wannan karon na sa tabarau na karanta sanarwar har ƙananan rubutun ƙasa. An ce gidan da babu kowa a ciki shi ake sayarwa. Saboda haka tun ranar 8 ga Yuli na tare. Maigadi ya duba takardata ya ga ni ne mai gida, ya buɗe mini ƙofa, har ya yi mini barka da dawowa. Na kafa kujera a bayan tirela, ina kwana a kujerar bayan motar Uwargida Eula, da izininta. Nadine na kawo mini wake da burodin masara da rana. Mai kawo wasiƙu ya fara tsayawa. Jikin tirelar ƙarfe ne, ga zafin ranar Yuli, kafin azahar ba a taɓa shi da hannu. Gwiwoyina sun kumbura. Shekara arba'in da huɗu da aurenmu, ban taɓa kwana wani wuri ba tare da Nadine ba, sai lokacin da aka yi mini aikin ciki.

9. Ranar 14 ga Yuli sufeto ya dawo don ya fitar da ni, saboda jar takardarsa ta hana zama. Ƙa'idarsa ita ce ya fitar da mutum, ya sa wa ƙofa kwaɗo, ya rubuta lambar kwaɗon. Ya zo da kwaɗon. Ya nemi ƙofa bai samu ba. Ya tsaya ya yi waya, sannan ya ce zai dawo ranar 27 ga wata da kafinta, a kafa ƙofa a kulle ta. In aka yi haka, kwana biyu kafin gwanjo gidan zai zama babu kowa a ciki, a sayar. Wato gunduma za ta yi wa tirelata ƙofa da kuɗin jama'a don ta raba ni da ita.

Ranka ya daɗe, wannan tirela da ita nake ci. Kusan mako biyar ban ɗauki mota ko ɗaya ba. Masu kirana tun suna samari yanzu sun koma kiran yaran nan masu sababbin motoci, kuma wanda ya koma ba ya dawowa. A shekaruna ba zan sake shiga ƙarƙashin gidan wani in ja ƙarfe ba, bayana ba zai yarda ba.

Don haka nake roƙo cikin ladabi:

(a) A dakatar da gwanjon 29 ga wata, a kuma gaya wa kafintan ya zauna a gida.

(b) Ka tura mutum ɗaya, wanda aka yarje wa ya rubuta abin da idonsa ya gani, ya je filin ajiya, daga nan ya wuce Hanyar Tsohon Injin Katako. A ɗaya zai ga tirela, a ɗaya zai ga gida da mutum a baranda. A mayar wa kowanne lambarsa.

(c) A soke laifuka ukun. Na fitilar baya na amsa, kodayake Boyd ya manta bai rubuta ba.

(d) A saki motar Uwargida Eula. Shekararta saba'in da huɗu, da ƙafa take zuwa coci, ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Kafin in rufe, ga yadda cinikin 5 ga Maris ya kaya, don ya shiga fayil. Delmus ya rabu da tarkace, ya kuma sami gidan da hukuma ba ta san da shi ba. Shi ya ci riba. Gunduma ta yi asarar harajin gida ɗaya da man motoci biyu. Uwargida Eula ta yi asarar takalma. Ni kuwa a takarda na fi kowa samu, gidana biyu. A zahiri tsoho ne ni mai kwana a motar mutane, kuma in ba ka sa hannu ba, ranar 29 ga wata za a sayar da abin da nake ci da shi ga wani bawan Allah da zai zo da labule.

Ina fatan za a duba wannan koke da idon rahama. Allah ya ƙara maka lafiya da haƙurin karatu.

Naka mai biyayya,

Orval Tidmore
Mai ɗaukar motoci, Sandy Fork.