Rabonka Zai Kashe Ni

Zuwa ga inuwata ta tsakar rana, ruwan randata mai sanyi, hadarin da nake ɗaga kai in duba ko ya haɗo; zuwa ga Baban yara, direban katafila, mai fasa dutse a wurin aiki amma ya dawo gida ya kasa gano inda ya ajiye takalminsa; mai minsharin da na yi shekaru ina tsine wa, yau kuma ga ni ina kewarsa kamar ƙasa tana kewar ruwan farko.

Gaisuwa mai yawa, wadda ta fi ƙasar da kake turawa yawa. Ya aiki, ya rana, ya kewar iyali, in dai kana yi? Mu nan lafiya lau muke, in ka cire ni, kuma ni ɗin ma laifinka ne. Ka samu wuri ka zauna, kada ka karanta wannan a tsaye kamar sanarwar kamfani.

Ka tuna ranar da ka raka ni asibiti, kafin kamfani ya ɗauke ka zuwa aikin hanyar nan da ba ta da niyyar ƙarewa? Ka tuna likitar nan siririya kamar tsinken tsintsiya, wadda in iska ta kaɗa sai an riƙe ta? Ta ɗaura mini abin awo a dantse, ta matsa, ta duba, ta sake matsawa kamar ba ta yarda da idonta ba. Sannan ta ce, "Baiwar Allah, jininki ya hau, gwiwoyinki kuma sun gaji da ɗaukarki. Ko dai ki rage ci, ko yaranki su fara koyon girki." Ka yi dariya don ka kwantar mini da hankali. Amma da muka zo sauka daga bene ka riƙe hannuna, kana lallaɓa ni kamar ƙwai. Hannun da yake juya katafila! Muna fita, a gindin bishiyar nan ta bakin ƙofa, ka zaro kwalin tabarka, ka murƙushe shi, ka wurga a kwata, ka ce, "Na bar taba, ke kuma ki bar ƙari." Wallahi a ranar na sake son ka sabo fil, har na ji kunyar masu wucewa.

Sai dai an cuce ni a wannan ciniki, ya hasken idona. Wa ya kasa jefar da taba? Uwar wa ta taɓa ce masa taba za ta kai ƙararsa gaban Allah?

Ni dai na riƙe alkawari, Allah shaida. A farantin Auta nake cin abinci yanzu, wannan mai hoton agwagwa, wanda ko kyanwa aka zuba wa a ciki sai ta ɗago ta kalli mutum. Ina zama da yara, in ci loma kaɗan kamar baƙuwa a gidan surukai, in sha ruwa, in yi hamdala da ƙarfi don cikina ya ji ya san an tashi. Ba a wurin cin abinci matsalar take ba. Hannuna ne. Hannun nan ya saba auna wa gidan nan shinkafa da kai a ciki, kuma an ce sabo turken wawa. In na tsoma gwangwani a buhu, kafin in tuna ba ka nan, awonka ya riga ya faɗa tukunya. Kullum sai na zuba maka a kwanonka mai shuɗin murfi. Kullum sai ya zauna a gefen tebur yana jiran mutumin da yake can yana haƙa rami a daji.

To, sai lokacin wanke-wanke ya zo. In ɗauki kwanon, in taka zuwa kwandon shara da ƙarfin zuciya kamar soja, in ɗaga murfi, sai in ji muryar Innata, Allah ya jiƙanta, a bayan kunnena: "Duk ƙwayar da kika zubar, sai ta tsaya ta ba da shaida a kanki ranar gobe." Matar da take sa mu kankare ƙanzo har sai mun ga fuskarmu a gindin tukunya! In na samu na ture muryarta, sai kuma taka fuskar ta bayyana. Rabonka fa? In juye rabonka a kan ɓawon albasa da ƙwanson ƙwai? In zubar da kai a shara, ya sanyin zuciyata? Sai in ce bari in ɗan rage cokali ɗaya don zunubin ya yi sauƙi. Cokali ya kira ɗan'uwansa, ɗan'uwan ya kira dangi. Kafin in farga ina tsaye da kwano wayam, ina gaya wa kaina wai abin da aka ci a tsaye ba ya zama a jiki. Ƙarya ne, masoyi. Yana zama. Har kujera yake zuwa da ita.

Kada ka ce ban yi dabara ba. Na sa a firji, aka ɗauke wuta, abinci ya fara gumi, ni kuma ba zan tsaya ina kallo rai ya salwanta ba, sai na kai agaji. Na aika wa matar kafinta, maƙwabciyarmu. Baiwar Allahn nan ta dawo da kwanon cike da soyayyen dankali da nama, tana cewa, "Haba Maman Auta, ai ba a mayar da kwano haka nan." Na sake aikawa, ta sake ramawa da abin da ya fi. Muka shiga yaƙin alheri, ba mai son a ce ita ta fara gajiya. Kafinta ya yi kumatu har yana gaishe ni da hannu biyu, ni kuma na koma cin sauran gida biyu maimakon ɗaya. An gudu ba a tsira ba!

Daga nan na sayo kaza. Na ce to, ga ma'aikaciya, duk abin da ya rage nata ne, Inna ma ba za ta ce an yi almubazzaranci ba. Yara suka sa mata suna Manaja, saboda ba ta komai sai ci da zagaya tsakar gida tana duba aikin mutane. Manaja ta ci rabonka da gaskiya da amana, ta yi ƙiba har ta daina hawa katanga, ni kuma na fara jin sauƙin numfashi. Sai ga ƙaninka ya faɗo mana da abokansa ba sallama ba sanarwa, ya kalli kazar, ya kalle ni, ya ce, "Matar yaya, wannan ai ta isa aure." Ka san ba na iya hana ɗan'uwanka komai. Suka cinye cinyoyi da ƙirji, suka goge baki, suka bar mini sauran. Ka ga ikon Allah? Duk shinkafar da na guje wa ta dawo mini a siffar nama! Na zauna ina ci ina hawaye, kuma ba zan ɓoye maka ba, Manaja ta yi daɗi.

Ni tela ce, ka sani, tef ɗin awo a wuyana yake yini. Mai auna mutane ba ta da inda za ta ɓuya wa kanta. Koriyar rigar nan da kake cewa in na sa ta ina kama da gona bayan ruwa, na farke gefenta na ƙara, na sake farkewa, har yadin ya ce iyakarsa ke nan. Yanzu in na sa ta, gonar ce dai, amma har da ta maƙwabta.

Har nan duk abin dariya ne, kuma na so a ce a nan wasiƙar ta ƙare. Amma ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Ran nan a shago na durƙusa ina kama wa wata mata kalmasar siket. Na miƙe, sai na ga keken ɗinki ya bi ta sama, yaduddukan da ke rataye suna juyawa kamar ganye a guguwa. Ban san sauran ba. Na farka a kwance kan tarin ƙyallaye, matar tana yi mini fifita da kwali tana salati. A bakin ƙofa kuma ga 'yarka, 'Yar Baba, ta biyo daga makaranta da jakarta a baya. Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi! Tsayawa kawai ta yi tana kallona da idanun nan naka.

Da yamma na shiga kicin na same ta a gaban buhu, gwangwani a hannu, ta ɗora tukunyar da ta fi ƙarfinta. Ta ce, "Mama, ruwa yaya ake zubawa?" Na ce me ya kawo ki nan, ba ki da aikin makaranta? Ta ce, "Ai likita ta ce mu fara koyon girki." Ashe ranar da muka dawo daga asibiti kana ba ƙaninka labarin kana kwaikwayon muryar likita, yarinyar nan tana ji, kuma ita ba ta ɗauke shi wasa ba. Ta riƙe shi a ciki duk tsawon lokacin nan ita kaɗai. Ya Baban yara, na sha jin magana mai zafi a duniya, amma ban taɓa jin wadda ta ratsa ni kamar wannan tambayar ta ruwan shinkafa ba.

Washegari da safe na ɗauki kwanonka cike, na fita ƙofar gida na tsaya. Mai kwasar shara ya iso da amalankensa. Inna ta yi magana a kunnena, na ce Inna ki yi haƙuri, in shinkafa za ta kai ƙarata, ta kai, na fi son in amsa tuhumarta da in bar marayu. Na rufe ido, na juye. Na ji saukarsa. Sai kuka ya ƙwace mini, ba irin na mutunci ba, irin mai majina da shessheƙa, a tsakiyar layi, da zanin wanke-wanke a jikina. Bawan Allahn nan ya ajiye amalanke, ya cire hula, ya rusuna, ya ce, "Allah ya jiƙan rai, uwar gida. Wa aka rasa?" Na ce, "Shinkafar mijina ce." Ya leƙa cikin amalanken, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ai da kin yi magana, da na zo da kwano."

Tun daga ranar, da kwanonsa yake zuwa, kuma Allah ya yi masa albarka, bai taɓa tunanin ramawa ba. Sai dai ba ya samun da yawa, don 'Yar Baba ta ƙwace gwangwanin awo. Yarinyar nan ba ta da tausayi ko kaɗan, shafe bakin gwangwani take yi da yatsa kamar mai awon zinariya, in na matso ta ce, "Mama, koma ki zauna." Halinka ne sak. Na koma wurin likitar, ta matsa abin nata, ta duba, ta ce an fara samun sauƙi. Har wani abu ya motsa a gefen bakinta, ina zaton murmushi ne yake neman hanya.

Kai kuma fa? Ƙaninka ya ce ya gan ka kana tauna murfin biro kamar akuya ta samu takarda. Tauna, masoyina, tauna! Ka cinye biron kamfanin gaba ɗaya in ka so, ni dai kada in ji warin hayaƙi a rigarka.

Amma ka dawo. Don girman Allah ka nemi hutu ka dawo, ko na ɗan lokaci ne. Me ake da hanya in ba ta kawo mutum gida ba? Kana can kana shimfiɗa wa duniya kwalta, ni ina nan ina kallon ƙofa kamar shuka tana kallon gabas. Na gano ba yunwa ce take tsayar da ni a kan kwanon nan ba. In ka tafi gidan nan faɗi yake yi, kujerarka ta yi shiru, ba mai cewa gishiri ya yi yawa alhali yana miƙo faranti a ƙara masa. Wannan ramin ne nake ta zuba wa shinkafa, kuma ka fi kowa sanin rami, ka san akwai wanda ba ya cika sai da abin da aka haƙe daga cikinsa. Wa zai cika shi in ba kai ba? Wa zai kalle ni ina cin abinci a farantin agwagwa ya yi mini dariya har in ji haushi in ƙoshi?

Ga alkawarina, sabo, ba irin na gindin bishiya ba. Ba zan riga ka tafiya saboda rabin kwano ba. Ina so mu tsufa tare, ni da kai, har ƙafarka ta kasa taka katafila, idona ya kasa zura zare a allura, haƙoranmu su zube ɗaya bayan ɗaya mu riƙa gardamar na wa ne ya faɗo. A zuba mana abinci mu ɗan taɓa mu ture, jikoki su zo su yi wawaso a kan sauran, mu kuma muna gefe muna yi musu faɗan da ba sa ji.

Taka ce ni, a ƙibata da ramata, a fushina da dariyata, har ranar da numfashi zai ƙare, kuma na yi niyyar ya daɗe bai ƙare ba.

Matarka,
Maman Auta