Takardar Tuban Tahmina

Uwar Tahmina,

Gaisuwa mai yawa daga Maskat. Ya gwiwar Amma? Ruwa ya janye daga gonar shinkafa? Ni lafiya lau, bayana ne kawai ya daina jin maganata.

Takardar jami'a ta iso. Wai 'yarmu ta miƙe gaban shugabanni ta ce miyar dal da ake ba ɗalibai ruwan wanke tukunya ce. Yanzu ko ta rubuta tuba uba ya sa hannu, ko a kore ta. Ni da karatuna ya tsaya a aji biyar na firamare, yau farfesoshi ke jiran hannuna!

Kin ce in lallashe ta. Ni? Shekara ashirin da huɗu ban taɓa cin gardama a gidanki ba. Na kuma gode Allah, don bakinki ne ya hana ni sayar da gonar nan. Bakin nan naki ta gado.

Na gaji. Daga safe har yamma "to, ranka ya daɗe" nake cewa, kuma ban zo nan don ita ma ta koya ba. Ki tambaye ta. In ta zaɓi tuba, zan sa hannu. In ta ƙi, ki soya mata kifi.

Mijinki,
Mofizul