Ɗakuna Biyun Bakin Ƙofa

Kwamba, Suleja.
Lahadi.

Zuwa ga maigidana Khamis,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kuma aikin Legas bai hana ka cin abinci ba. Yara lafiya lau, sai ɓarna. Na ba direban nan na Diko wannan takarda ne saboda a waya kuka yake cin ƙarfina.

Jiya Liman ya tara mu a gidan Baba, ya fito da wata takarda da marigayin ya ba shi ajiya. Wasiyya ce, da sa hannun shaidu biyu. Baba ya ce ɗakuna biyun bakin ƙofa, inda nake ɗinki, nawa ne. Sauran gida da gonar a raba yadda Allah ya ce.

Ko ɗan Islamiyya ya san ba a yi wa magaji wasiyya, balle Baba, Malam Nata'ala, da ya shekara talatin yana karantar da mutane rabon gado a zauren nan. Yaya Ja'afar ya miƙe ya ce takardar banza ce, ni na lallaɓi tsoho yana jinya. Ka san halinmu, tun muna yara ake tsokanarmu cewa Inna ta yi kwanika na ƙwace masa nono, har yau bai huce ba. Amma wannan karon maganarsa ta yi mini zafi, don ni na yi wata bakwai ina wanke Baba.

Idan takardar ta faɗi, Yaya sayar da gidan zai yi, ni kuma kekunana uku ban san inda zan kai su ba. Liman dai sunkuyar da kai ya yi. Alhamis za mu je gaban alƙali. Ka sa mu a addu'a.

Taka har kullum,
Tayyiba Nata'ala (e, har yanzu sunan ubana, ka yi ta mita).

Kwamba, Suleja.
Juma'a.

Maigida,

Ina gaishe ka, ina fatan ka tashi lafiya. Ni dai ga ni nan.

Wasiyya ta tabbata. Alƙali ya karanta, ya fitar da mu waje, ya gana da Liman da Gwaggo Fatsuma, ƙanwar Baba. Da muka koma ya ce ɗakunan ba su kai sulusin dukiya ba, don haka nawa ne. Na yi hamdala, har na harari Yaya. Sai Yaya ya tambayi dalili, tunda magajiya ce ni. Alƙali ya cire tabarau, ya ce Gwaggo ce ta fi dacewa ta ba mu amsa.

Khamis, ni ba 'yar Baba ba ce.

A kan bencin kotu ta gaya mana, tana kuka. Wai shekara talatin da huɗu da suka wuce wata 'yar haya mai suna Yetunde, mai sayar da atamfa, ta zauna a gidan. Mijinta direba ne, ya rasu a hatsari tana da cikina. Ita ma ta bi shi ina wata huɗu, aka yi ta cigiyar dangi ba a samu ba. Inna tana shayar da Ja'afar, sai ta haɗa mu. Ka san Kwamba, 'yan haya yau su zo gobe su tafi, cikin 'yan shekaru babu wanda ya tuna. Nono yana sa 'yan'uwantaka, in ji alƙali, amma ba ya sa gado.

Ashe Baba bai yi kuskure ba. Ya san ranar rabo za a zare ni kamar gashi daga man shanu, shi ya sa ya bi ta ƙofar da ta rage masa. Kuma ɗakin da nake ɗinki, a nan aka haife ni. Shekara tara ina taka keke a inda uwata ta cika, ban taɓa yi mata addu'a ba.

Ina jin haushinsa, ina kuma kewarsa kamar in mutu. Wata bakwai ina zaune a gefensa, me ya hana shi faɗa mini da bakinsa?

Da safen nan Yaya ya zo da takardun ɗakunan da kansa. Ya kasa kallona. Ya ce gidan ba zai sayu ba muddin yana raye, kuma duk wanda ya ce ni ba ƙanwarsa ba ce ya biya shi nonon da na shanye masa. Muka yi dariya, sannan muka yi kukan da ba mu yi tare ba ranar jana'iza.

Don Allah ka nemi izini ka zo gida. Ban san yadda zan gaya wa yara ba. Gwaggo ta ce ko sunan mahaifina ba ta riƙe ba, kowa Direba yake ce masa. Na daɗe riƙe da biro a ƙasan takardar nan.

Taka,
Tayyiba.