Farantin Hajiya Kaka

Wagini, 3 ga Muharram

Zuwa ga Fauziyya,

Assalamu alaikum. Ya jego, ya jaririyarmu Ummi? Ki gaishe min da Baba da Inna da mutanen Zakka.

Bayan gaisuwa, ina cikin wani hali. Kakata Hajiya Kaka ta dawo daga Makka da faranti mai ruwan zinariya, bakinsa zagaye da wani abu kamar Larabci. Tun ranar take ɗauraye shi tana ba masu ciwon kai su sha. Har akuyarta ta samu rabonta.

Jiya ta kira ni gaban jama'a in karanta. Na duba, na juya, na ga alifi da lam ne kawai aka jera, babu kalma ko ɗaya. Na ce ado ne, a ƙasar Sin aka ƙera shi. Na ƙara da cewa Turawan dā ma sun riƙa zana irinsa a bakin riguna don sha'awa. Da na sani na tsaya a juyawar.

Ta ce ashe shekara shida na yi a Katsina ina cin wake da sunan karatu. Yau yara tara suka zo Islamiyyata, cikin arba'in. In aka kai Juma'a a haka, rufewa zan yi.

Mijinki,
Armaya'u

Wagini, 8 ga Muharram

Fauziyya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya.

An kai maganar gaban Liman Jafaru. Ya ɗaga farantin, ya nisanta shi da ido, ya matso da shi. Na tabbata ya gane. Amma shi ma Hajiya ce ta yi masa wankan jariri.

Sai ya ce tunda ayoyi ne, bai dace su zauna kusa da tukwane da akuya ba. A bar shi a masallaci, a kulle a kabad, har abada.

Hajiya ta fizge farantinta. Ta ce wace aya, ai ko makaho ya shafa ya san ado ne, Armaya'u ne dai bai iya bayani ba.

Yara sun dawo, har da ƙarin biyu. Ɗazu Hajiya ta aiko min da ɗanwake a cikin farantin, da saƙon in wanke in mayar kafin la'asar.

Ki shafa min kan Ummi.

Naki kullum,
Armaya'u