Rabin Maganin Saratu

Ɗana Bello,

Assalamu alaikum. Ya jikinka, ya kasuwa, ya zaman Kwatano? Mu nan Bahindi lafiya lau.

Jiya na raka matarka Saratu awon ciki, aka ga maganinta na ƙanjamau ya ƙare kafin lokaci. Da na matsa mata, ta ce ta ɗibar maka rabi, don kana kunyar karɓo naka.

Bello, ka ji tsoron Allah. Maganin nan danne cutar yake yi, kullum ake shan sa. In ta yi fashi, cutar ta taso, jaririn na iya ɗauka.

An ƙara mata maganin. In kunya ce, taho gida, ni zan raka ka.

Ka yi mata addu'ar sauka lafiya. Gai da kawunka.

Innarka